Ɗanyar madara da doka: Daga Florida zuwa Lajawa

A watan Agustan 2025, ma'aikatar lafiya ta jihar Florida da ke Amurka ta ba da sanarwar cewa mutane 21 sun kamu da rashin lafiya bayan da suka sha ɗanyar madara daga wata gona guda.

Shida daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 10, kuma sai da aka kwantar da mutane bakwai a asibiti.

Abin lura a nan shi ne, dokar jihar ta haramta sayar wa jama'a madarar da ba a dafa ba. Ta amince ne kawai a sayar da ita a matsayin abincin dabbobi, irin su karnuka da kyanwoyi, tare da rubuta gargaɗi a jikin mazubin cewa ba ta mutane ba ce.

A Lajawa kuwa, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Wudil a jihar Kano, babu mai sayar da madara da sunan ta kyanwa ce. Daga ƙwarya guda ake auna wa kowa, abin da ya rage a gindin kwano shi ne rabon kyanwar gida.

Sai dai duk da wannan bambanci, tambayar da hukumomi ke fuskanta a wuraren biyu ɗaya ce: wane ne ke da alhakin tabbatar da lafiyar madarar da ta fito daga hantsar saniya, kafin ta kai bakin mai sha?

Mece ce ɗanyar madara?

Ɗanyar madara dai ita ce wadda aka tatso daga saniya ko akuya ko tunkiya ko taguwa, ba tare da an ɗora ta a wuta ba.

A masana'antu akan dafa madara ne bisa wani tsari da ya samo sunansa daga masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, wanda a shekarun 1860 ya nuna cewa zafi daidai gwargwado yana kashe ƙwayoyin da ke lalata abin sha.

Akan kai zafin madarar digiri 63 a ma'aunin Selshiyas na tsawon minti 30, ko kuma digiri 72 na daƙiƙa 15, sannan a sanyaya ta nan take. A gida kuwa, tafasa madarar yana biyan wannan buƙata.

Birnin Chicago ne ya fara tilasta yin haka a Amurka a shekarar 1908, a lokacin da gurɓatacciyar madara ke cikin manyan abubuwan da ke hallaka jarirai a biranen ƙasar.

Cututtukan da ake gudu

Madara abinci ce mai gina jiki, amma abin da ya sa take amfanar ɗan Adam shi ne kuma ya sa ƙwayoyin cuta ke saurin hayayyafa a cikinta, musamman a ƙasa mai zafi.

Ƙwayoyin kan shiga ta hanyoyi biyu. Wasu daga jikin dabbar suke fitowa, wasu kuma daga kashin shanu, ko hannun mai tatsa, ko ƙuda, ko ruwan da aka wanke ƙwarya da shi.

Cikin na farko akwai cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa saniya ɓari, ta kuma kumbura mata gwiwa. Wani likitan sojan Birtaniya, David Bruce, shi ne ya gano ƙwayar cutar a tsibirin Malta a 1887, kuma a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya tabbatar da cewa ta madarar awaki take kama mutane.

A jikin mutum cutar kan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi. Saboda haka sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko taifot, a yi ta shan maganin da ba nata ba. Maganinta na gaskiya kan ɗauki makonni shida, kuma akan haɗa magunguna iri biyu.

Akwai kuma tarin fuka na shanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutane kimanin 147,000 ne suka kamu da tarin fukar da ake ɗauka daga dabbobi, wasu 12,500 kuma suka mutu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan masu cutar.

Cikin rukuni na biyu akwai ƙwayoyin Salmonela da Listeriya da E. coli, masu haddasa gudawa da amai. Wani nau'in E. coli yana iya lalata ƙodar yaro, Listeriya kuma tana iya sa mai juna biyu ɓari.

Yara ƙanana, da mata masu ciki, da tsofaffi, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni su ne suka fi shiga haɗari.

Yadda aka samo “madarar dabbobi”

A shekarar 1987 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta hana tsallakawa da ɗanyar madara daga wata jiha zuwa wata domin sayar wa mutane. Abin da ya shafi ciniki a cikin jiha kuwa, aka bar wa kowace jiha ta yi tata dokar.

Wasu jihohin, kamar California, sun yarda a sayar da ita a kantuna bisa sharuɗɗa. Wasu sun ce sai dai a je gona a saya. Wasu kuma sun haramta baki ɗaya.

To amma dokar abincin mutane daban take da ta abincin dabbobi, kuma ta nan aka sami kafa. Manomi kan yi rajista a matsayin mai sayar da abincin dabbobi, ya manna wa kwalba takardar gargaɗi, mai saye kuma ya kai gida ya zuba wa iyalinsa. Mai sayarwa ya san haka, mai saye ya sani, hukuma ma ta sani.

Illar wannan tsari ita ce, madarar kan kuɓuce wa gwaje-gwajen da ake yi wa abincin mutane, alhali mutanen ne ke shan kaso mai yawa nata.

Masu goyon bayan ɗanyar madara dai na cewa ta fi daɗi, kuma baligi yana da 'yancin zaɓar abin da zai ci. Hukumomin lafiya kuwa na cewa dafawa ba ta rage amfanin madara ta yadda za a damu, kuma yaron da aka ba ya sha ba shi ne ya yi zaɓin ba.

Alƙaluman cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna cewa tsakanin 1998 da 2018 an sami ɓarkewar cuta har sau 202 da aka danganta da ɗanyar madara, inda mutane 2,645 suka kamu, aka kwantar da 228 a asibiti, uku suka mutu.

Matakan da ƙasashe suka ɗauka

Jihar Georgia, wadda ta daɗe tana bin tsari irin na Florida, ta sauya shawara. A 2022 ta kafa dokar da ta halatta sayar wa mutane ɗanyar madara a fili, bisa sharaɗin samun lasisi da yin gwaji a kai a kai, dokar kuma ta fara aiki a watan Yulin 2023. Hujjar ita ce, gara a sa ido a kan abin da ake sha da a yi kamar ba a san ana sha ba.

A Ostireliya wata dabarar aka yi amfani da ita, inda ake sayar da ɗanyar madara da sunan ta wanka ce. A ƙarshen 2014 hukumomin jihar Victoria suka danganta mutuwar wani yaro ɗan shekara uku da shan irin wannan madara. Daga farkon 2015 jihar ta tilasta wa masu sayarwa ko dai su dafa ta, ko su zuba mata wani sinadari mai ɗaci da zai hana a sha.

Yankin Scotland ya haramta sayar da ɗanyar madarar shanu tun 1983, Kanada kuma ta yi haka a 1991. A Ingila ana iya saye kai tsaye daga manomin da aka yi wa rajista, tare da gargaɗi a jikin kwalba, amma ba a sayarwa a manyan kantuna.

Su kansu dabbobin ba su tsira ba

A watan Maris na 2024 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jikin shanun madara a jihohin Texas da Kansas, abin da ba a taɓa gani ba a baya. Bincike ya nuna cewa ƙwayar cutar tana taruwa da yawa a cikin madarar saniyar da ta kamu.

A wata gona a Texas, fiye da rabin kyanwoyi kimanin 24 da ake ba ɗanyar madarar shanun sun mutu cikin 'yan kwanaki. A ƙarshen shekarar ma wasu kyanwoyin sun mutu a yankin Los Angeles bayan sun sha irin wannan madara.

A watan Disambar 2024 ma'aikatar gona ta Amurka ta ba da umarnin a riƙa gwada ɗanyar madara a faɗin ƙasar. Gwaje-gwaje sun kuma nuna cewa dafawa tana kashe ƙwayar cutar.

Najeriya dai ta san wannan cuta a jikin kaji tun watan Fabrairun 2006, lokacin da aka gano ta a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka.

Wani darasin kuma ya fito ne daga sinadarin melamin. A 2007 karnuka da kyanwoyi masu yawa sun mutu a Amurka sakamakon cin abincin da aka haɗa da kayan da aka shigo da su daga China, masu ɗauke da sinadarin. Shekara guda bayan haka aka sami sinadarin a madarar jarirai a China, inda jarirai shida suka mutu, wasu kimanin 300,000 suka kamu da rashin lafiya. Abin da ya fara bayyana a kwanon dabba, daga baya ya isa bakin jariri.

Yadda lamarin yake a Lajawa

A Lajawa da sauran ƙauyukan Wudil, kamar yadda yake a yawancin ƙasar Hausa, cinikin nono sana'ar matan Fulani ce. Da sassafe ake tatsa a ruga, da hantsi kuma mata su ɗauko ƙore a ka, an rufe da faifai, su shiga gari da kasuwanni.

Kuɗin nono na matar ne. Da shi take cefane, ta yi wa 'ya'ya sutura, ta tara kayan ɗakin 'yarta. Duk wata doka da ta taɓa ƙwarya, aljihun waɗannan mata ta taɓa.

Yankin yana da muhimmanci a harkar dabbobi, domin kasuwar shanu ta Wudil, wadda ke ci ranar Juma'a, tana cikin mafiya girma a arewacin Najeriya. Shanu kan zo mata daga jihohi daban-daban da ma ƙasashe maƙwabta, su cakuɗu, sannan su watsu zuwa wasu garken. Ta irin wannan hanya ce cuta kan bi daga garke zuwa garke.

Galibin abin da ake sayarwa ba madara ce sabuwar tatsa ba. Kindirmo ne, da nonon da aka kaɗa aka cire mai, da man shanu. Masu yin kindirmo da yawa kan dafa madarar tukuna, ta huce, su zuba ɗan tsohon nono a kai ta kwana. Wasu kuwa sukan bar ta ta yi barci da kanta, ba tare da ta ga wuta ba.

Wannan shi ne bambancin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma mai saye ba ya iya gane shi da ido ko da harshe. Tsamin nono yana rage ƙwayoyin cuta da dama, amma ƙwayoyin bakkale da na tarin fuka suna iya jure masa na kwanaki.

Da rani, idan madara ta yi ƙaranci, wasu kan ƙara ruwa da garin 'ya'yan kuka, ko su dama madarar gari, domin nonon ya yi auki. Idan ruwan ba mai tsabta ba ne, to ko da an dafa madarar tun farko, an koma gidan jiya.

Akwai kuma batun magunguna. Idan aka yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, akwai kwanakin da ya kamata a ƙaurace wa madararta har sai maganin ya fita daga jikinta. Inda makiyayi ke sayen magani a kasuwa ya yi allurar da kansa, ba kasafai ake kiyaye wannan ƙa'ida ba.

A birnin Kano kuma ana cinikin madarar raƙumi, wadda wasu ke sha ɗanya don neman lafiya. Tun bayan ɓullar cutar numfashi ta MERS a Saudiyya a 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a guji shan ta ba tare da an dafa ba. Wani bincike da aka yi a 2015 ya gano ƙwayar cutar a jikin wasu raƙuma a mayankar Kano.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke kula da abinci da magunguna a matakin tarayya. Ta fitar da ƙa'idoji kan madara da dangoginta a 2005, zamanin shugabancin marigayiya Dora Akunyili, aka kuma sabunta su a 2021.

Hukumar tana kuma da sashen da ke kula da magungunan dabbobi da abincinsu, har da na karnuka da kyanwoyi. Wato a Najeriya hukuma guda ce ke yi wa kayan mutane da na dabbobin gida rajista, don haka rubuta “na dabbobi” a jikin kwalba ba ya fitar da kaya daga hannunta.

Amma aikin NAFDAC ya fi karkata ne ga kayan da aka sarrafa aka ƙulla a kwalba ko leda ko gwangwani, masu lambar rajista. Ƙwarya ba ta da lamba.

Nauyin abin da ake sayarwa a kasuwar ƙauye yana wuyan ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kafawa da kula da kasuwanni da mayanka, da sa ido kan wuraren sayar wa jama'a abinci. Sashen ya kuma ba su ikon tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da yawo da su.

Ke nan a Lajawa, batun nonon da ke cikin ƙwarya da na kyanwar da ke lasar kwano, dukkansu a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Wudil suke, ta hannun jami'an tsabtar muhalli da aka fi sani da duba-gari.

Lafiyar shanun kuwa aikin likitocin dabbobi ne na jiha da na tarayya, ƙarƙashin dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2022. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke can tun 1924, ita ce ke sarrafa alluran rigakafi da yin manyan gwaje-gwaje.

Dokoki dai suna nan a rubuce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikata, da kayan gwaji, da hanyar isa ruga. Duba-gari yana iya ganin ƙuda ko ƙazamin mazubi, amma ba ya iya ganin bakkale sai da ɗakin gwaji.

Hani ko gyara?

Najeriya ba ta samar da ko rabin madarar da take buƙata, kuma jami'an gwamnati sun sha cewa ƙasar na kashe kimanin dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da ita. Mafi yawan wadda ake samarwa a cikin gida daga garken makiyaya take fitowa, inda farar saniya irin ta Fulani ba ta cika wuce lita ɗaya ko biyu a rana ba.

A irin wannan hali, haramta cinikin nonon ƙwarya zai raba dubban mata da sana'arsu, ya kuma raba talaka da fura da nono. Abin da ya faru a Florida da Victoria ya kuma nuna cewa hani ba ya kawar da ciniki, suna kawai yake sauya masa.

Shi ya sa aka fi karkata ga cibiyoyin tattara madara, inda makiyaya ke kai abin da suka tatsa da safe, a gwada shi, a sanyaya, a biya su, sannan a wuce da shi masana'anta a dafa. Kamfanin L&Z da ke Kano yana cikin waɗanda suka yi fice wajen sayen madara daga hannun makiyaya ta wannan hanya.

Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, KSADP, na dala miliyan 95, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, kuma ya kama aiki zamanin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, ya sanya gina irin waɗannan cibiyoyi da yi wa dabbobi rigakafi cikin manyan ayyukansa.

A matakin tarayya, an ƙaddamar da manufar ƙasa kan madara a watan Yunin 2024, kuma a watan Yulin shekarar Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi.

Sai dai cibiya ba ta aiki sai da lantarki ko hasken rana, da ruwa mai tsabta, da hanya, da kuma farashin da zai fi wa mace abin da take samu idan ta yi talla da kanta. Akwai kuma fargabar cewa idan ciniki ya koma tsakanin kamfani da mai garke, kuɗin da a da ke shiga hannun uwargida zai koma aljihun maigida.

Abin da ke hannun mai gida

Kafin doka ta kai kowace ruga, shawarwarin ma'aikatan lafiya ba su da wuyar bi.

A tafasa sabuwar madara kafin a sha, ko a ba yaro, ko a kwantar da ita ta zama kindirmo. A wanke hannu da hantsar saniya kafin tatsa, a wanke ƙwarya da ludayi da ruwa mai tsabta, a shanya su a rana.

A ware madarar saniyar da ta yi ɓari, ko take tari, ko ake yi mata allura, a kuma nemi jami'in dabbobi. Madarar da ba ta dace da mutum ba, kada a juye wa kyanwa ko kare, domin dabbar da ke kwana a tsakar gida tana iya maido wa masu gidan cutar.

Wanda kuma zazzaɓi ya ƙi saki duk da shan maganin cizon sauro, ya shaida wa likita idan yana shan ɗanyar madara ko yana hulɗa da shanu.

Mai sayen nono kuma yana da damar yin tambaya guda ga mai tallar da ya saba da ita, wato ko an dafa madarar kafin a kwantar da ita.